Takardar Da Na Zaro

Madam Haule ta ce mu zo da kwali,
na taliya, na sabulu, duk wanda ya samu.
Muka huda cikinsa, muka bar gefe huɗu,
ya zama fuskar waya mai tsayin mutum.
A bayansa aka jera mu, mu bakwai.
Sunanmu a wasan: Masu Sharhi.

Filin gidan matasa, bayan la'asar,
awaki na leƙe ta tsagar katanga.
Sahura ce a gaba, ita ta nema da kanta,
Sahurar da kabu-kabu ya kayar a Bagalam,
tiren awara ya watse, zane ya kwance,
wani ya ɗaga waya.
Kafin magariba an gani a Tibiri,
kafin asuba an sa masa kiɗa.
Wata biyu babu kowa a kujerarta a lise.
Innarta na kai tuwo ɗaki,
ta koma ta ɗauko shi ya yi ɓawo.

Madam ba ta rubuta mana magana ba.
Abin da aka zuba ƙarƙashin bidiyon ta kwafo,
ɗaya-ɗaya, ta linke, ta sa a ƙwarya.
"Kowa ya zara. Abin da ya samu,
ya dubi idonta ya faɗa da bakinsa."

Na sa hannu. Na buɗe.
"Da ni ne ke, da na faɗa rigiya."
Na san shi kamar tabon ƙafata,
har harafin da ya karkace nawa ne.
Zakin Dare nake a lokacin.
A kwance na rubuta, ina cin gyaɗa,
kafin in haɗiye na manta.

Mako uku ana gwaji,
duk aka zo kaina sai tari.

Daren wasa, iyaye kan benci, yara kan tabarma,
mai ƙosai ta kafa kasko a ƙofa.
Ila ya faɗi tasa, aka ja tsaki.
Laure ta faɗi tata, wata tsohuwa ta yi salati.
Da aka zo kaina kuran ya ɗauke.

Na ce Allah ya rufa asiri.
Sai haske ɗaya ya tashi can baya,
sai biyu, sai filin duka,
wayoyin nan dai, su ɗin dai,
an ɗaga su sama ana haska mu.
Ga Sahura, taku uku tsakaninmu,
babu gilashi, kwalin huda ce kawai.
Ashe tana da ɗan tabo a gira.
Ashe hannunta na rawa in ta yi shiru.

Na faɗa, murya kamar ta ɗan akuya,
na ƙara abin da babu a takarda:
"Ni na rubuta. Zakin Dare ni ne,
Sallau, ɗan mai facin bakin tasha."

Jama'a suka tafa, sun ɗauka wasa ne.
Babana ma ya tafa.
Ita ba ta tafa ba. Ta dube ni
tsawon zura guga da jawo shi,
ta ce a hankali, "Na sani.
Duk ajinmu kai kaɗai ke rubuta rijiya haka."
Ta juya ga jama'a, ta ɗora daga inda ta tsaya.

Ba ta ce ta yafe ba, ban kuma tambaya ba.
Da aka watse muka ɗauki kwalin,
ita gaba, ni baya, iska na neman ƙwace shi.
Ta ce, "Riƙe da kyau,
Asabar muna Gidan Rumji."

Takardar na aljihuna, ta yi laushi da gumi.
Kowace Asabar sai na faɗe ta.
Har yau ba ta rage nauyi ba.