Kujerar Ƙarshe

Shekarata ta farko a Parma ban yi waƙa ba.
Malama Ombretta ta kunna kyandir,
ta ajiye shi taƙi ɗaya daga bakina,
ta ce, "Nives, ja mini 'a'.
In harshen wutar ya motsa, mu koma farko."
Ya motsa. Muka koma.
Kyandir nawa suka narke a kan harafi guda,
ban ƙirga ba.

Ta kwantar da ni rigingine a kan daɓe mai sanyi,
ta ɗora mini ƙamus biyu a ciki,
wai numfashi ba a ƙirji yake kwana ba,
can ƙasa yake, maƙwabcin yunwa.
Ni da na zo da murya kamar ƙaho,
wadda in na ƙwalla daga gaɓar Comacchio
ubana kan juyo da kwalekwalensa,
sai ga shi ana koya mini tattali,
kamar mai awon gishiri ranar tsada.

Jamusanci ya tsaya mini a wuya, ƙayar kifi.
Faransanci ya ɓace a hanci.
Na haddace mutuwar mata goma sha biyu
a harsunan da ban iya sayen burodi da su ba.

Sai jirgin ƙasa na dare:
akwati ɗaya, baƙar riga ɗaya,
Graz, Liège, Brno.
Mutum uku a bayan tebur, ɗaya yana cin tuffa.
Kafin in kai inda muryar ke buɗe fiffike,
"Mun gode. Ta gaba."

Shekara bakwai a sahu na uku na 'yan amshi.
Da aka ba ni bakin kaina, kuyanga ce:
"Uwargijiya, an kawo wasiƙa."
Kalma huɗu.
Wata biyu ina goge su kamar cokulan azurfa.

Rannan likita ya leƙa maƙogwarona da madubi,
ya ga ƙulli, bai kai ƙwayar shinkafa ba.
Wata uku, ko tari sai da izini.
Na yi yawo da fensir a aljihu
ina rubuta "na gode" ga mai sayar da madara.
A shirun nan Malama ta rasu.
Na tsaya bakin kabarinta, baki a ɗinke,
wasu suka rera mata abin da ni ta koya wa.

Waya ta yi ƙara ƙarfe huɗu na wata Alhamis:
mura ta kama tauraruwa.
Aka cushe ni cikin rigarta da allurai ashirin.
Tsakanina da jama'a makaɗa sittin,
babu lasifika, babu mai riƙe mini hannu,
can sama kuma tsofaffin nan na Parma
da ke yi wa kuskure fito tun bai gama fita ba.

Na tuna maganarta:
"Na gaba sun biya ne su ga riga.
Ki yi wa na kujerar ƙarshe."
A kujerar ƙarshe akwai wani masunci
cikin kwat ɗin aro,
hularsa a kan gwiwa.

Na ja numfashi daga inda yunwa take.
Ban san abin da ya biyo baya ba.
Na dai san ba wanda ya yi fito,
kuma na mutu daidai kan kiɗa.

A ƙofar baya ya tarye ni, yana murza hular.
"Na ji ki sarai," in ji shi.
"Amma a ruwa kin fi ƙarfi."

Ran Asabar tauraruwa ta warke.
Na mayar da riga, na koma sahuna.
Da safe na rufe taga, na ƙyasta ashana.
Wutar ta tsaya cak tana saurarena.