Littafin Bashi a Gajimare

Ruwan Yuni ya shigo Mil Sha Biyu da asuba,
bai yi sallama ba.
Buhun albasa talatin, na bar wa Allah.
Littafin bashi ne ya tsaya mini a rai:
rubutun shekara huɗu
ya narke kamar kanwa a ruwa.
Iya Folake ta ce dubu arba'in nake binta,
na san tamanin ne,
amma takarda ta zama kunu, da me zan kafa hujja?

Ladidi, 'yar ƙanena mai karatu a Yaba,
ta ce, Baffa, mu kai lissafin nan gajimare.
Na ce, ke! Wanda ya tsiyata ni jiya?

Ba na sama ba, in ji ta.
Ɗakuna ne masu sanyi, can nesa,
kwamfutoci jere kamar buhuna a sito.
Haya za ka yi.
Wa ke sayen tirela don buhu goma?
Gurbi ake kamawa.
Kaka ta yi, ka ƙara wuri,
kasuwa ta kwanta, ka rage, kuɗin ma ya ragu.
Gyara nasu, janareto nasu, mai gadi nasu,
kuma abin da ka rubuta
ba a ɗaki ɗaya yake kwana ba.

Na yarda ne don kunyar yarinya.

Yanzu ina cikin danfo, Ojota ta cushe,
Barau ya yi lodi a Aliero,
kafin direba ya shanye shayinsa
na ga adadin a tafin hannuna.
Ran nan aka zare mini waya a Oshodi.
Na sayi wata, na danna kalmar sirri,
sai ga masu bashina sun dawo reras,
ko ɗaya bai ɓata a hanya ba.

Wani lokaci sabis yakan yi gardama,
in ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa.
Fensir ma yana nan bayan kunne,
sabo turken wawa.

Iya Folake ta daina mantuwa.
Ni kuwa, in hadari ya taso daga Ikorodu,
albasa kawai nake ja wa tamfol,
in zauna in ji ƙamshin ƙasa.