Gishiri a Maƙogwaron Mota

Ƙarfe goma a Kurmin Mashi,
kwanon rumfa ya fara gasa mana ƙeya,
sai ga Barau da farar motarsa, 'yar Beljiyam,
tana jan jiki kamar mai ciwon ƙugu.
Fitila ruwan ɗorawa ta kama a gaban sitiyari,
da gargaɗi a ƙarƙashinta:
saura kilomita ɗari biyu da sittin,
daga nan ko ka murɗa makulli, ba mai amsa maka.

"Mota mai ƙirga kwanakinta,"
in ji Barau, "yau na ga ta kaina."

Maigidana, marigayi Oga Yohanna,
da kunne yake duba inji.
Ya kafa sukundireba a jikin ƙarfe,
ya jingina kunne, ya lumshe ido,
ya ce: fistin na uku ne.
Ni kuwa zamani ya miƙo mini allo mai igiya.
Na soka shi, na tsuguna,
ina jira ta faɗi inda ke mata ciwo.
Lamba uku ta tofo.
Sai dai lamba ba ta kama ɓarawo,
unguwarsu kawai take nunawa.

Na fara da mai araha.
Fis, lafiya lau.
Waya, na bi ta da yatsa har bayan tanki,
ɓera bai taɓa ba.
Na kasa kunne ga famfo:
yana gurnani, yana turawa, hanya ta ƙi.
Na shimfiɗa kwali na shige ƙarƙashi,
na kwance nozul daga jikin salansa.
Wani farin abu ya daskare a bakinsa
kamar gishirin da ya sha damina a kwano.

Na buɗe shuɗin murfi,
na zuƙo kaɗan a gora, na ɗaga wa rana.
Ruwan da aka san shi garau kamar hawaye
ga shi da laka kwance a gindi.

"Barau, me ka ba ta ta sha?"

Ya dubi taya. Ya dubi takalminsa.
"Jarka ɗaya ta cinye cefanen kwana uku.
Wani a tashar Kawo ya ce ai yuriya ce,
irin wadda muke zuba wa masara.
Ina da ragowar buhu daga gonar Kujama.
Na jiƙa da ruwan rijiya,
na tace da tsohuwar singileti."

Yaran gareji suka kwashe har da riƙe ciki.
Ni ma na murmusa, ba zan ɓoye ba.

Garzali, yarona, ya raɗa mini:
"Oga, a rufe wa kwamfuta ido mana,
a toshe layin, kowa haka yake yi."
Ban tanka ba.
Tsallaken titi na hango Maman Saratu
zaune a kujera 'yar tsuguno tana suyar doya,
hancinta daidai da bakin kowace salansa,
jikanta na barci a bayanta.
Abin da motar nan za ta fesar
ba Beljiyam zai koma ba.

Muka zubar da tankin, muka ɗauraye sau uku.
Nozul ya kwanta a ruwan ɗumi
har gishirin ya saki.
Na aiki Garzali Panteka:
"Mai hatimi, ka duba kwanan wata."
Na goge lambobin, fitila ta ƙi mutuwa.
Wanda aka taɓa yaudara
ba ya yarda da rantsuwar farko.

Muka hau titi, Barau na gefena, shiru,
hayaƙi na wuce awo, mota na nazari.
Dab da shataletalen Mando
fitilar ta ɗauke, ba ko sallama.

Barau ya sauke numfashi.
"To ragowar takin fa?"

"Kai wa masara," na ce,
"ita ta san abin da za ta yi da shi."

Da magariba na wanke hannu sau biyu da omo,
warin bai fita ba.
Da shi na ci tuwo.