Matakala Tamanin da Huɗu

Shekara ashirin da uku Eleuterio
yana hawa tudun Valparaíso da tukunyar gas a kafaɗa,
yana ƙwanƙwasa ta da ƙarfe don matan unguwa su leƙo.
Wata Talata ƙugu ya ce masa: ya isa haka.

Wata bakwai yana kwance.
Ƙwaya ta ƙare, ciwo yana nan daram.
Jirage na kuka a bakin teku,
shi yana ƙirga tsagar rufin ɗaki.

A asibitin unguwa Maite ta shimfiɗa tabarmar roba.
"Gado ba magani ba ne, Don Eleuterio.
Lanƙwasa gwiwa. Ɗaga ƙugu."
Ya yi dariya har da ƙwalla:
wanda ya goyi girkin gari guda,
yau ɗuwawunsa sun gagare shi.

Sai rarrafe, kamar jikansa,
hannun dama gaba, ƙafar hagu baya,
riƙe, numfasa, ƙirga goma.
A shida ya kife.
Mako na uku ciwon ya dawo da fushi,
ya rantse shi da tabarmar nan har abada.
Laraba ta same shi a layi.

Ba a ce ya warke ba.
Da sanyin asuba bayan yakan gaishe shi har yau,
amma gaisuwar maƙwabci, ba ta mai bin bashi ba.
Jiya ya sunkuya ya ɗaure takalminsa da kansa,
ya sauka matakala tamanin da huɗu
don burodi biyu.
A hawowa sau ɗaya ya tsaya,
wai teku yake kallo.