Taƙi Uku

A Izmir, saman shagonsu na man zaitun,
Nergis ta auna gindin taga:
taƙi uku.

Mai sayar da firinta ya ce,
wannan tana bugu, tana kwafi, har faks.
Faks ga wa? Baba ya rasu.

Ƙaninta Tuncay na son mai araha.
Araha ba ta ado, in ji ta,
ƙayar kifin na cikin kuɗin tawada.

Ta miƙa tambarin kwalbarsu.
Ta fari ta fitar da koren ciyawa.
Ta biyu, gansakuka.
Ta uku ta daɗe tana gunaguni,
sai ga ganyen zaitun
da tokar nan ta bayansa.

Faɗinta taƙi uku da rabi.
Tuncay, ɗauke tukunyar furen.