Lamba Ɗari da Sha Huɗu

Shekara ashirin da uku ina ɗaura sirum a ɗakin haihuwa,
jijiyar da ta ɓuya wa kowa, ni take fito wa.
Sai ga Tanimun, yaron da na koya wa riƙon allura,
ya dawo daga Yamai da masta a cikin jaka,
yanzu shi ke sa hannu a takardar hutuna.
"Inna Barira," yake ce mini, har da rusunawa,
ladabin ne ma ya fi ci mini rai.

Ba zan yi ƙarya ba:
ba don al'umma na cika takardun nan ba.
Don kujera na cika, da ƙarin jikkuna a ƙarshen wata,
don ranar da zan yi magana a taro
a rubuta, a daina ce mini "to, mun ji."

Tumaki biyu da kwasar adashi suka tafi kuɗin shiga.
Maigida ya ce, "Boko da furfura?"
Na ce, "Furfurar ma ai a kwanan gardi na samo ta."
Ya yi dariya, washegari ya kai tsohon moto gyara.

Da safe likita, da la'asar aji.
A bencin gabana akwai yarinyar da na yanke wa cibiya,
ita ke ara mini kaye in na makara.
Malamin ƙididdiga ya cika allo da haruffa masu wutsiya,
ni da ke gane naƙuda daga tafiyar mace
na zauna kamar baƙuwa a Kasuwar Dole.

Famfon Garin Malam ba ya zuwa sai ukun dare,
can nake karatu, a gindinsa,
jarkoki a jere, fitilar salula a haƙora,
duwatsun gari suna amayar da zafin da suka sha da rana.
Mutari, autana, ke koya mini na'ura:
"Mama, ba a dannawa da ƙarfi, ba ciki ba ne."

Bincikena: ƙarancin jini ga masu juna biyu
a ƙauyukan bayan Mirya.
Mata ɗari uku. Malam ya ce, "Cire sunaye, lamba ta isa."
Na cire.
Amma ɗari da sha huɗu Tsahara ce.
Na ja fatar idonta, fari fat kamar cikin sabuwar ƙwarya,
tana dariya, wai jiri ne kawai na azumin ramuwa.
Ta ƙulle mini ƙwan zabi uku a bakin zane.
Na ba ta ƙwayoyi, na ce ta zo Damagaram.
Ta ce sai an kai gero rumbu.

Da na koma zagaye na biyu,
kakar ce ta fito, da jariri da cokali da nonon akuya.
Ba wanda ya yi mini bayani. Ban nema ba.

A na'ura, ita ɗigo ce da ta ware daga 'yan'uwanta,
can ƙasa, ita kaɗai.
Mutari ya ce, "Wannan tana ɓata miki zane, a goge?"
Na riƙe hannunsa har sai da ya ce wayyo.

Ranar Alhamis zan tsaya gaban malamai uku,
minti ashirin, ba ƙari.
Har yanzu ina son kujerar, kada a yi mini shaidar waliyyai.
Sai dai na riga na san takardar farko da zan sa wa hannu:
motar gwajin jini, duk ranar kasuwa,
tun kafin gero ya nuna.

Ga famfo ya fara tari.
Bari in rufe littafi, kada layi ya wuce ni.