Daren Laraba a Valparaíso

Na share ɓawon albasa daga kan teburi,
na shimfiɗa takardun ofishin gunduma, shafi goma sha ɗaya.
Can ƙasa jiragen ruwa na nishi a tasha,
nan kan tudu fitilu na mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

"Bayyana hajarki," in ji shafin farko.
Hajata? Awa tara ce ta kwanciyar rai
ga Yasna mai gyaran kifi tun zakara bai yi cara ba,
ga Eliseo direban bas, da matarsa ta rasu bara
ta bar masa tagwaye da tulin kwalaben madara.
Gurbin da suka bari bai kai tsawon yatsa ba,
sai na rubuta: renon yara.

Lissafi kuwa ba ya jin kunyar kowa.
Hayar tsohon gidan burodin Don Arnoldo,
ƙananan katifu goma sha takwas, tukunyar kashe gobara,
albashin Maritza mai takardar shaidar aikin,
shinkafa, wake, sabulu, sabulu, sabulu dai.
Na tara, na ɗebe, na sake tarawa,
giɓin peso dubu casa'in na kallona
kamar wushirya a bakin mai yi mini dariya.

"Su wane ne abokan gasarki?"
Nan biro ya cije.
Talabijin ne, da ake bar wa yaro tun safe.
Kwaɗo ne a ƙofa, makulli a wuyan ɗan shekara shida.
Danitza ce, 'yar shekara goma sha ɗaya,
da ke tsallake makaranta Talata da Alhamis
tana jijjiga ƙaninta a kafaɗa,
ba ta karɓar ko sisi.
Wa zai karya farashin Danitza?

"Haɗurra."
Matakala ɗari da sittin da biyu, na ƙirga da gwiwata.
Girgizar ƙasa. Murar sanyin Yuli.
Da watan da teku ke rowar kifi,
iyaye su zo kai a sunkuye, hannu wayam.
Ba zan mayar da yaro gida ba.
Wannan ban faɗa wa takarda ba,
na cusa shi a ƙarƙashin "sauran buƙatu".

"Ina kike hango kanki nan da shekara biyar?"
Ni da nake hango Juma'a, ranar rufe karɓa.
An ce mai kyau tun daga Laraba ake gane ta;
tawa dai ga ta, da tabon shayi a shafi na tara
da wata kyanwa mai ƙafa biyar
da jikata ta zana a gefen jadawalin riba.

Na bar kyanwar. Na sa hannu: Ximena Olguín.
Ƙarfe biyu ta wuce.
Su amince, kada su amince,
biyar na bugawa Yasna za ta ƙwanƙwasa
da jariri a cikin bargo, da warin teku a riga,
kuma zan buɗe.